Ina kuɗin safar hannu? Jawabi ga matasan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji



Iyayenmu da suka ba mu wuri, malamanmu, ma'aikatan lafiya da suka saci lokaci suka zo, 'yan uwana matasa maza da mata na nan Agiye, da waɗanda suka taso daga Caduwa, Gazawa da Gangara, da baƙinmu na Gidan Rumji da Tibiri, sannunku da zuwa. Allah ya saka da alheri.

An ce in yi magana a kan korona. Na san akwai wanda ya ce a ransa, "Kai, har yanzu? Abin da ya wuce?" Gaskiya ne, takunkumi ya sauka daga fuska, masallatai a buɗe suke, yara na zuwa lakol, motoci na shiga Yamai suna fita. Amma abu biyu suka sa na ga maganar ba ta wuce ba. Na farko, a watan Afrilun 2022, kotun da ke bin diddigin kuɗin ƙasa, wadda ake kira Cour des comptes, ta fitar da rahotonta, kuma a ciki akwai maganar kuɗin korona. Na biyu, damina ta ƙarato, kuma mu mutanen jahar Maraɗi mun san baƙin da damina ke kawo mana.

Bari mu fara tuna yadda abin ya tafi, don mantuwa ita ce babban jarin mai cin amana.

Ranar 17 ga Maris 2020, shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya yi jawabi ya ce za a rufe filayen jiragen sama, da iyakokin ƙasa, da makarantu. Ranar 19 ga wata aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu a Yamai. A cikin kwanakin nan aka rufe masallatai da majami'u. Ranar 27 ga Maris aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka sa dokar hana fitar dare a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, aka killace birnin. A wannan jawabi ne aka ce shirin yaƙi da cutar zai ci miliyar 597 na sefa. Ku riƙe wannan adadi. Azumi ya zo ya same mu a haka. Sai ranar 13 ga Mayu aka buɗe masallatai, ranar 1 ga Yuni yara suka koma lakol.

A adalci, gwamnati ba ta yi barci ba. Ta rufe ƙofa tun kafin baƙon ya shigo, abin da manyan ƙasashe da yawa suka kasa. Ta saki fursunoni 1,540 don rage cunkoso a gidajen kaso. Ta ɗauke ma masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da wuta na Afrilu da Mayu. Sai dai ku tambayi kanku, a ƙauyukan da ke kewaye da Agiye, gida nawa ne ke da kwantar wuta, balle a yafe masa kuɗinta? Manomin aya da iyakar Najeriya ta rufe masa kasuwa tun watan Agusta 2019, mai kabu-kabu, mai tuyar ƙosai a bakin lakol da aka rufe, su mi ya iso gare su? Doka ta iso ko'ina cikin kwana guda. Tallafi ya tsaya inda kwalta da turakun wuta suka tsaya.

To, a nan gardama ta ɓalle, kuma kowa a nan ya shaida ta. A fada, a tasha, a wurin suna, a WhatsApp, mutane suka rabu biyu. Wasu na cewa, "Ƙarya ce, babu wata korona, kuɗɗi sunka gani wajen Nasara." Wasu na cewa, "Ku bi doka, ku yi shiru, hukuma ta fi ku sani." A Mirya, ƙarshen Maris, matasa suka fito kan rufe masallatai. A Yamai, tsakanin 17 da 19 ga Afrilu, aka ƙona tayoyi, aka kama mutum 108. Wata biyu muna jayayya a kan tambaya guda: akwai ciwon ko babu?

Abin da na zo in faɗa maku yau shi ne, muna can muna wagga jayayya, tambayar da ta fi muhimmanci ta sulale ta tsakiyarmu ba wanda ya tare ta. Tambayar ita ce: kuɗi sun shigo, to mi ya sa hannun ma'aikaciyar lafiya a CSI ɗin ƙauye ya zauna tsirara?

Kafin in shiga wannan, bari in yi magana da 'yan uwana masu cewa babu ciwon, don suna nan cikinmu, kuma ban zo in raina ma kowa wayo ba. Ina gane inda shakkunku ya fito. Zuwa tsakiyar 2022, alƙaluman hukuma sun ce wajen mutum 9,000 ne suka kamu a duk faɗin Nijar, 300 da 'yan kai suka rasu. Masassarar cizon sauro kuwa na kwantar da miliyoyi duk shekara, tana kashe dubbai, yawancinsu yara, kuma ba a taɓa rufe ko rumfar shayi dominta ba. Uwar da ta binne ɗiya biyu saboda masassara, in ka ce mata ga wani ciwo da ya fi, dole ta dube ka sau biyu.

Amma ciwon ya kashe mutane, kuma ba a nesa ba. Ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ya rasu ranar 3 ga Mayu 2020 da wannan cuta. A Daura, nan bayanmu, mutum na farko da ta kashe a jihar Katsina likita ne. A Kano, cikin Afrilu 2020, masu haƙar kabari ne suka fara faɗa ma duniya cewa gawawwaki sun yi yawa, daga baya ministan lafiyar Najeriya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mamata 979, kuma rabi ko fiye da haka ana alaƙanta su da korona. Ba gwamnatin Yamai ce ta hana Umra ba, ba ita ta taƙaita Hajjin 2020 ga 'yan tsirarun mazauna Saudiyya ba. Allah ya sauƙaƙa mana ita a nan, alhamdu lillahi. Sauƙin da muka samu ba ya mayar da mutuwar wasu ƙarya.

Kuma ku duba wani abu. Wanda ya ce babu korona, ya ɗauka gwamnati ya ƙuntata ma. A zahiri kyauta ya yi ma duk wanda ya taɓa kuɗin. Don in babu ciwo, ba ka da bakin tambayar ina takunkumin likita, ina safar hannu, ina kayan gwaji. Ka ce wasa ne duka, ka kaɗe rigarka, ka koma shan shayi. Shi kuwa wanda ya rubuta takardar sayayya, abin da yake addu'a ke nan. Kuɗin ba su ce "tunda ba ku yarda ba mun koma" ba. Ranar 14 ga Afrilu 2020 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, FMI, ya amince ma Nijar dalar Amurka miliyan 114 da rabi, kusan miliyar 70 na sefa. Bashi ne, ko ba ruwa a kansa sai an biya. Bankin Duniya ya ƙara kusan dala miliyan 14 a cikin watan nan. Wa zai biya bashin? Mai yarda da korona da marar yarda, duka. Harajin da ake cire maka in ka sayi katin waya ko litar esansi ba ya tambayar ra'ayinka.

Yanzu maganar kayan kariya. Mi ake nufi da su? Ba wani abin al'ajabi ba ne. Safar hannu ta roba, wadda ake sawa ma marar lafiya guda a cire a jefar. Takunkumin likita, wanda ya bambanta da na atamfa da telolinmu suka ɗinka. Na atamfa ya yi amfani a kasuwa da cikin mota, kuma telolin sun cancanci godiya, amma wanda zai sunkuya a kan mai tari yana duba maƙogwaronsa na buƙatar wanda ke tace iska sosai. Sai rigar kariya, da tabarau ko gilashin rufe fuska, da sabulu, da ruwan jabel na wanke gado da ƙasa da bokiti. Shi ke nan. Duka abubuwa ne masu ƙarewa, shi ya sa ba a sayensu sau ɗaya a kira 'yan jarida a ce an gama. Kamar gishiri ne a gida, kullum sai an taɓa.

Gwamnati za ta ce, kuma ta faɗa, ƙarancin na duniya ne gaba ɗaya. Wannan gaskiya ne. Ranar 3 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce ana buƙatar takunkumin likita miliyan 89 da safar hannu miliyan 76 kowane wata, kuma farashin takunkumi ya ninka sau 6. Ƙasashe masu kuɗi suka yi wawaso, wasu suka hana fitar da nasu. A Ingila da Amurka an ga ma'aikatan asibiti sanye da ledar shara. Attajirin ƙasar Sin Jack Ma ya aiko ma kowace ƙasar Afirka takunkumi 100,000, da kayan gwaji 20,000, da rigunan kariya 1,000. Adadin na da daɗin ji a rediyo. Amma ku yi lissafi da ni: ma'aikaci 1,000 kacal, kowa ya sa biyu a yini, kwana 50 sun ƙare. A ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 20.

Sakamakon ya fito. A watannin farko, ma'aikatan lafiyar da suka kamu a Nijar sun haura 100, a lokacin da duka masu cutar ba su kai 1,000 ba. A watan Yuli 2020 OMS ta ce ma'aikatan lafiya sama da 10,000 sun kamu a ƙasashen Afirka 40. A Najeriya, tsakiyar Yuni 2020, likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki, kuma cikin ƙorafinsu akwai rashin kayan kariya da alawus ɗin haɗari na naira 5,000 a wata. Ka aika mutum ya kashe gobara, ka ba shi kofin shayi.

Amma ni ban yarda a rataye komai a wuyan kasuwar duniya ba, kuma ma'aikatan da ke zaune a nan su ne shaiduna. Yaushe safar hannu ta fara ƙaranci a likitocinmu? Ranar 19 ga Maris 2020? Wallahi a'a. Tun kafin a ji sunan Wuhan, wace mace ce a nan ba ta san a rubuta ma mijinta takarda ana tsakiyar naƙuda, a ce ya ruga farmasi ya sayo safar hannu ba? Ni kaina an taɓa miƙo mini irin wannan takarda da dare, a wani gidan likita da ba sai na faɗi sunansa ba, yayata na kwance tana murƙususu. Ungozomar ba mugunta ta yi ba. Ta buɗe mini kabad ɗin da kanta, na ga babu. Wata abokiyar karatuna da ke aiki a wani CSI ta faɗa mini a lokacin korona takunkumi guda take yin kwanaki da shi, ta shanya shi ta sake sawa, ta koma gida ta rungumi yaranta tana fargaba.

Mi ya sa kabad ɗin ke zama wayam? Ga yadda abin ke aiki, don ya kamata kowane matashi ya sani. Tun 2006 ƙasarmu ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, haka awon ciki, haka tiyatar haihuwa. Doka ce mai kyau, ta ceci rayuka da yawa. Amma kyauta ga uwa ba kyauta ba ce ga CSI. CSI ke fitar da magani da kayan aiki, ya rubuta takardun abin da ya kashe, ya aika sama, ya jira gwamnati ta mayar masa. To mayarwar ce ke makara, watanni, wani lokaci shekaru, bashin ya taru ya kai miliyoyin miliyoyi. Asusun CSI, wanda kwamitin COGES ke riƙe da shi, sai ya bushe. In ya bushe, majo ya zauna da ɗan abin da ya rage ya zaɓa: maganin masassara ko safar hannu? Kowa a nan ya san abin da zai zaɓa. A shekarar 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ma lafiya. Shekara 21 bayan haka, a 2022, Nijar ba ta kai ba, nesa ma take. Korona ba ta tsaga bangon ba, a tsage ta same shi, ta shiga kamar ƙadangare.

Sai ga kuɗin gaggawa sun zo. A lokacin gaggawa doka na ba da damar a ba da kwangila kai tsaye, ba tare da 'yan kasuwa sun yi gasar farashi ba. Akwai hikima a ciki, don ba a jiran wata uku ana mutuwa. Amma ƙofa ce da in an buɗe ta ba mai gadi, har akuya sai ta shiga. Cour des comptes, wadda ba ƙungiyar farar hula ba ce, ba jam'iyyar adawa ba ce, kotun ƙasa ce, ta ce an yi sayayya da gine-gine da sunan korona a farashin da hankali bai ɗauka, kuma abin da ƙasa ta yi asara ya haura miliyar 5.

Miliyar 5 magana ce da ba ta da fuska, bari in yi mata. Mu ƙaddara kwalin safar hannu mai guda 100 jika 5 ne. Miliyar 5 kwali miliyan 1 ke nan. Raba ma gidajen likita 1,000, kowane ya tashi da kwali 1,000. Ku tambayi majo na kusa da ku shekara nawa zai yi da kwali 1,000. Wannan ba dukan kuɗin ba ne fa, ƙarin da aka ɗora a kan farashi ne kawai.

Ba mu kaɗai ba ne. A Kenya an yi abin kunyar hukumar sayen kayan asibiti. A Zimbabuwe an kama ministan lafiya a Yunin 2020 kan kwangilar kayan korona, aka kuma sauke shi. A Najeriya, Oktoba 2020, jama'a suka fasa rumbuna suka tarar da abincin tallafi jibge ana yunwa a gari. Na kawo waɗannan ne don kada wani ya ce ƙiyayya ce ga wata jam'iyya. Duk inda kuɗi suka zo da gudu, ido kuma ya kau, haka ake yi. Bambancin ƙasa da ƙasa shi ne abin da ke biyo bayan rahoto.

Kuma ido bai kau da kansa ba, an taimaka masa. Ranar 5 ga Maris 2020 aka kama ɗan jarida Mamane Kaka Touda a Yamai don ya rubuta a shafinsa cewa akwai wanda ake zargin yana da cutar a babban asibiti. Aka yi amfani da dokar laifukan intanet ta 2019, ya yi mako uku a kaso, aka yanke masa wata 3 na jeka-ka-gyara-halinka. Mako biyu bayan kama shi, gwamnati da bakinta ta ce cutar ta shigo. Ranar 15 ga Maris ƙungiyoyin farar hula suka fito a Yamai kan binciken ma'aikatar tsaro, inda ake maganar miliyar 76 na kayan soja da aka ƙara ma farashi ko ba a kawo ba sam, alhali ba a daɗe da binne sojojinmu na Inates da Shinagodar ba. Aka ce an hana taro saboda korona. Aka harba hayaƙi mai sa hawaye, kasuwar Tagabati ta kama da wuta, aƙalla mutum 3 suka rasu. Aka kama Moussa Tchangari da Maikoul Zodi da wasu, uku daga cikinsu sai ƙarshen Satumba suka fito.

To ku haɗa lissafin da kanku. Talaka ya ga an kulle wanda ya ce akwai ciwo. Ya ga an kulle wanda ya ce ina kuɗi, da sunan ciwon. Bayan kwana kaɗan aka ce masa kada ya je Juma'a, ya yarda da hukuma. Da wace yarda? Shi ya sa da riga-kafi ya iso, aka fara yi a ƙarshen Maris 2021, ma'aikata suka yi ta zama da allura suna jiran mutane. Yarda ita ma kayan kariya ce, kuma ba a odarta daga Sin. In ka zubar da ita ranar Lahadi, ba ka samunta ranar Alhamis.

Mu dawo gida. Mi ya sa wagga magana ta shafe mu fiye da mutumin Yamai? Saboda mu ke bakin ƙofa. A 2018 amai da gudawa ya ɓarke daga Madarunfa, mutum sama da 3,000 suka kamu, sama da 70 suka rasu. A 2021 ya dawo, sama da 5,000 a ƙasa baki ɗaya, sama da 150 suka rasu, kuma jahar Maraɗi ce ta fi kowa yawan masu kamuwa. A Gidan Rumji, tun 2019 'yan uwanmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina ke shigowa suna gudun 'yan bindiga. A Afrilu 2020 kaɗai, ana tsakiyar korona, mutum 23,000 suka ƙetaro Nijar. An zaunar da wasu a Garin Kaka, da Ɗan Daji Makau, da Cadakori. Duk waɗannan bayin Allah, da mu da muka tarbe su, gidajen likita guda muke layi. Abin da ke tsare ma'aikaci daga korona shi ke tsare shi daga amai da gudawa: safar hannu, sabulu, jabel, ruwa mai tsabta. In ma'aikaci guda na CSI ya kwanta, ƙauyuka goma ne suka rasa likita.

Saboda haka ban zo in ce ku fita ku ƙona taya ba. An ƙona a 2020, hayaƙin ya tashi ya watse, kabad ɗin bai cika ba. Na zo da aiki huɗu, kuma babu wanda ya fi ƙarfin fada guda mai mutum goma.

Na ɗaya, kowace fada ta ɗauki CSI ko ƙaramar likitar ƙauye mafi kusa da ita. Ku je da sallama, ba da kamara a hannu ba. Majo ba abokin gaba ba ne, shi ne farkon wanda abin ke ci. Ku tambaye shi kwalin safar hannu nawa gare shi yau, jabel fa, sabulu fa, akwai ruwa a famfo, yaushe rabon da a mayar masa da kuɗin maganin kyauta. Ku rubuta da kwanan wata. Bayan wata guda ku koma. In wani ya ji tsoron magana saboda aikinsa, ku girmama tsoronsa, kada ku sa sunansa a Facebook.

Na biyu, COGES namu ne. Mutanen gari ke zaune a ciki da sunanmu. Mu nawa a nan muka san shugaban COGES na unguwarmu? Mu nawa muka taɓa zuwa taronsu? Mu shiga, musamman 'yan mata da matan aure, don ku kuka fi kowa sanin abin da ake rubuta ma mutum ya sayo. Mu nemi a riƙa liƙa abin da ya shigo da abin da ya fita a bangon likita, da Hausa, kowa ya karanta ko a karanta masa.

Na uku, mu rubuta takarda. Tsarin mulkin 2010, lokacin da yake aiki, ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin lafiya da haƙƙin sanin bayanan da ke hannun hukuma, kuma akwai doka tun Fabrairu 2011 kan samun takardun gwamnati. Mu rubuta ma shugaban gundumar lafiya ta Agiye, ta Gazawa, ta Gidan Rumji, da ladabi, mu tambaya: kayan kariya nawa suka iso daga 2020 zuwa yau, daga wa, aka raba ma wa? Mu ajiye kwafi mai hatimi. Mu kai ma hukumomin garinmu. In an amsa, mu gode a bainar jama'a. In an yi shiru, shirun ma mu wallafa shi da kwanan wata.

Na huɗu, 'yan majalisar dokokin da muka taɓa zaɓa daga jahar nan, in sun zo gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha mu tambaye su: rahoton Cour des comptes ya fito, wa aka kira, nawa aka mayar? Rahoto ba hukunci ba ne, kuma ba mu ce kowa ɓarawo ne ba. Alƙali ne zai faɗi mai laifi. Namu shi ne kada takardar ta yi barci a durowa. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Sharaɗi guda nake roƙo. Kada mu faɗi abin da ba mu gani ba, kada mu tura muryar WhatsApp da ba mu san mai ita ba. Ƙarya guda daga bakinmu ta isa a shafe gaskiya goma, kuma kun ga yadda ake amfani da dokar intanet. Adadi, kwanan wata, takarda. Da su za mu yi magana.

Ga ma'aikatan lafiya da ke nan, majo-majo, ungozomomi, masu shara da wankin ɗakin haihuwa da ba a taɓa kiran sunansu a rediyo: lokacin da aka ce kowa ya zauna gida, ku aka ce ku fito. Wasunku sun yi watanni ba albashi, wasu 'yan sa-kai ne ma. Mun gani. Abin da za mu iya saka maku da shi shi ne mu tsaya a bayanku ku daina roƙon abin da haƙƙinku ne.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, manoma na gyaran gona. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ruwa ya zauna, ina so kowace fada da ke nan ta kawo ma wannan shafi lissafin gidan likita guda. Masu rubuta suna na bakin ƙofa, kada a fita ba a rubuta ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga annoba, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.